Farashin inshorar lafiya a Baguida, a ma'aunin Jamus da Amurka

Ƙidayar da hukumar ƙididdiga ta Togo, INSEED, ta gudanar a 2022 ta samu mutum 8,095,498 a ƙasar. Daga ciki, 2,188,376 na zaune a Lome da kewayenta, wato kashi 27 cikin 100. Baguida, gabas da tashar jiragen ruwa, a ƙaramar hukumar Golfe 6, tana cikin wannan lissafi, haka ma Hausawan da ke zaune a Zongon Lome. Dokar inshorar lafiya ta bai-ɗaya da majalisa ta zartar a watan Oktoba na 2021, wadda ake kira AMU, an yi ta ne domin ta game dukkan waɗannan mutane. Ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2024.

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa abin da ake kashewa kan lafiyar mutum ɗaya a Togo a shekara yana tsakanin dalar Amurka 50 zuwa 55, kimanin sefa 30,000. Adadin ya haɗa kuɗin gwamnati, da na masu ba da agaji daga waje, da na inshora, da wanda majinyaci ya biya da hannunsa. A Jamus, hukumar ƙididdiga ta tarayya ta ba da kimanin Yuro 6,000 ga kowane mutum a 2023. A kan canjin da aka kafe, sefa 655.957 ga Yuro ɗaya, wannan ya kai sefa miliyan 3.9, fiye da mafi ƙarancin albashin Togo na shekara shida. A Amurka, hukumar CMS ta ba da dala 14,570 a shekarar, ninki fiye da 250 na adadin Togo.

Daga cikin sefa 30,000 ɗin, sama da kashi 60 cikin 100 daga aljihun majinyaci da danginsa yake fitowa, a wurin karɓar kuɗi na asibiti ko a kantin magani, bisa alƙaluman hukumar ta duniya na shekarun da suka gabaci AMU. Kason ya kama sefa 18,000 zuwa 20,000 ga kowane mutum a shekara. Matsakaicin adadi ne, kuma matsakaici yana ɓoye yadda abin ke faɗowa: gida tara na iya ƙare shekara da kuɗin maganin zazzaɓi kaɗai, na goma ya sayar da babur ko fili saboda tiyata guda.

A Jamus da Amurka, kason da ke fitowa kai tsaye daga aljihu yana tsakanin kashi 10 zuwa 13 cikin 100, a Faransa kuma bai kai 10 ba, bisa alƙaluman ƙungiyar OECD. Ragowar ma jama'a ne ke biya, amma tun kafin ciwo ya zo, ta hanyar haraji ko yankan albashi.

Togo ta fara bin wannan hanya da kashi 7 cikin 100. Dokar 2011 ta kafa hukumar INAM, wadda ta soma aiki a 2012 ga ma'aikatan gwamnati da iyalansu: kashi 3.5 daga albashin ma'aikaci, kashi 3.5 daga gwamnati. Bayan shekara goma, masu inshorar lafiya ko wace iri ba su kai kashi 10 cikin 100 na jama'ar ƙasar ba. Tsarin ya tsaya inda takardar albashin gwamnati ta tsaya.

AMU ta ɗaga zubin zuwa kashi 10 cikin 100 na albashi, rabi daga ma'aikaci, rabi daga mai ɗaukar aiki. An raba aikin gida biyu: INAM ta riƙe ma'aikatan gwamnati, asusun CNSS ya karɓi na kamfanoni. Ga ma'aikacin gwamnati, ƙarin ya kai kashi 1.5 na albashinsa. Ga ma'aikacin kamfani a tashar jiragen ruwa ko a masana'antun da ke gefenta, wanda a da bai shiga INAM ba, yankan kashi 5 ya fara ne daga 2024.

Mafi ƙarancin albashi a Togo sefa 52,500 ne a wata tun 1 ga Janairu 2023, bayan ya shekara goma sha ɗaya a kan 35,000. Kashi 5 na wannan albashi sefa 2,625 ne. Idan aka haɗa da na mai ɗaukar aiki, asusu na karɓar 5,250 a wata, ko 63,000 a shekara, domin gida guda. Masana tattalin arziki da yawa na ganin cewa kason mai ɗaukar aiki ma daga albashi yake fita a fakaice, tunda kuɗi ne da za a iya ƙara wa ma'aikaci. Ko da an karɓi wannan ra'ayi, nauyin bai wuce kashi 10 ba.

Kimanin aiki tara cikin goma a Togo ba ya cikin rajista, bisa binciken INSEED na 2017 kan ayyukan yi. Ba takardar albashi, ba mai ɗaukar aiki da zai biya rabi. Zongo na cikin taran. Binciken Michel Agier da aka buga a 1983 ya bayyana tattalin arzikin Zongon Lome a matsayin na fataken shanu da goro, da masu masauki, da dillalai, da mahauta. Gwamnati ta rushe tsohon Zongo na tsakiyar birni a 1977, aka mayar da mazaunansa Togblékopé, arewa da Lome. Sana'o'in sun ƙaru tun daga lokacin, an samu direbobin manyan motoci masu ɗaukar kaya daga tasha zuwa Nijar da Burkina Faso, da dillalan motoci, da 'yan acaɓa, da masu tireda, amma yanayin samun kuɗin bai sauya ba: ciniki ne, yau da riba, gobe babu.

Ga irin waɗannan, asusun CNSS ya buɗe rajista a ƙarshen 2025, da farashi guda ga kowa: sefa 10,000 a wata, jaka goma a lissafin kasuwa. Ba a tambayar abin da mutum ke samu. Mai shago a babbar kasuwa da mai tallan shayi a bakin hanyar Aného adadi ɗaya suke biya. Dalilin a fili yake, hukuma ba ta da hanyar sanin ribar wanda ba ya ajiye littafi, don haka ta yanka farashin da ya yi daidai da zubin mai albashin 100,000, wato kusan ninki biyu na mafi ƙarancin albashi.

Ga wanda abin da yake samu a wata ya yi daidai da mafi ƙarancin albashi, sefa 10,000 kashi 19 cikin 100 ne na kuɗinsa. Maƙwabcinsa mai gadi a kamfani, da albashi iri ɗaya, kashi 5 ake yankar masa. Abin da ke fita daga hannun na farko ya kusa ninka na biyu sau huɗu: 10,000 a kan 2,625. Sai samun mai sana'a ya kai 200,000 a wata kafin nauyinsa ya sauko zuwa kashi 5. Daga nan zuwa sama, tsarin ya juya ya koma wa mai hali: ɗan kasuwar da ke samun miliyan ɗaya a wata kashi 1 yake biya, alhali ma'aikaci mai albashin miliyan ana ci gaba da yi masa lissafi da kaso. Farashi guda ga kowa ya fi danne na ƙasa, kuma a Zongo na ƙasan sun fi yawa.

Akwai rangwamen kashi 15 cikin 100 ga wanda ya biya shekara a dunƙule. Jadawalin CNSS ya nuna 28,500 na wata uku, 54,000 na wata shida, 102,000 na shekara, maimakon 120,000 idan ana biya wata-wata. Biyan shekara na mayar da zubin wata zuwa 8,500, kashi 16 na mafi ƙarancin albashi. Sai dai 102,000 kusan albashin wata biyu ne a wannan mataki. Rangwamen na isa ne ga wanda ke da kuɗi a ajiye, ko wanda ya kwashi adashe ya yarda ya zuba shi a nan maimakon jari.

Zubi guda na ɗaukar mutum shida: mai rajista, da matarsa ko mijinta, da 'ya'ya huɗu. Idan gida ya cika shida, kuɗin kowane mutum ya kama 20,000 a shekara ga mai biya wata-wata, 17,000 ga mai biyan shekara. Idan mutum ɗaya ne, kamar saurayin da ya zo ci-rani daga Maraɗi ko Sakkwato ya bar iyali a gida, duk 120,000 ɗin a kansa yake. Gida mai mace fiye da ɗaya, ko 'ya'ya bakwai, ko ɗan riƙo, ko tsohuwa, ya zarce adadin da aka yi lissafin a kansa. An gaji lambar shida daga tsarin INAM, wanda aka yi wa ma'aikacin ofis, kuma gidan Bahaushen Zongo kan faɗa gefe ɗaya ko ɗayan: ko ya gaza shida da nisa, ko ya wuce.

Binciken yanayin rayuwar gidaje na INSEED na 2018 zuwa 2019 ya sa layin talauci a kan kimanin sefa 274,000 ga mutum a shekara, ya kuma samu kashi 45.5 cikin 100 na jama'a a ƙarƙashinsa. A Lome adadin ya kai kimanin kashi 22. Gida mai mutum shida da ke daidai kan layin yana kashe kimanin miliyan 1.64 a shekara, don haka zubin 120,000 kashi 7 ne na abin da yake ci. Ga mutum ɗaya a kan layin, kashi 44 ne. Farashin kaya ya tashi tun bayan binciken, abin da ke rage kason kaɗan a takarda, bai sauya tazarar da ke tsakanin gidajen biyu ba.

Biyan zubi bai rufe lissafi ba. Ga galibin ayyuka, inshora na ɗaukar kashi 80 cikin 100 na farashin da aka amince da shi, majinyaci ya cika 20, kuma a asibitoci da kantunan maganin da suka ƙulla yarjejeniya da hukuma. Takardar 50,000 na barin 10,000 a wuyan majinyaci. A bisa wannan, gidan da ya zuba 120,000 sai kuɗin jinyarsa na shekara ya kai 150,000 kafin abin da inshora ta biya masa ya yi daidai da abin da ya zuba. Ga mai biyan shekara a dunƙule, 127,500 ne.

Idan aka raba 150,000 gida shida, 25,000 ke kan kowa. Matsakaicin abin da ɗan Togo ke biya daga aljihu, kamar yadda ya gabata, 18,000 zuwa 20,000 ne. Adadin biyu ba su yi nisa da juna ba, alamar cewa farashin CNSS ya yi kusa da ainihin tsadar jinyar gida mai mutum shida. Matsalar na wurin wanda zai kai kuɗin da ƙafarsa. Ma'aikaci ba ya ganin kasonsa, an cire tun kafin albashi ya iso. Mai sana'a kuwa duk wata sai ya zaɓa tsakanin zubi da haya da kuɗin makaranta. Wanda ke da mai ciwon suga ko hawan jini a gida zai biya, saurayi mai lafiya zai jinkirta. Asusun da masu jinya suka fi yawa a cikinsa yakan kashe fiye da abin da ya tara, kuma hakan ya faru a ƙasashe da dama da suka dogara ga zubin masu sana'ar kansu.

Tsarin yankan albashi a raba tsakanin ma'aikaci da mai ɗaukar aiki daga Jamus ya samo asali, kuma ya ɗauki shekara 126 kafin ya game kowa a can. Majalisar Jamus ta zartar da dokar inshorar ma'aikata a watan Yuni na 1883, zamanin Bismarck. Bayan wata goma sha uku, ranar 5 ga Yuli 1884, Gustav Nachtigal ya ƙulla yarjejeniyar da ta sa gaɓar Togo ƙarƙashin Jamus, Baguida ta zama mazaunin mulkinsu na farko. Dokar inshorar ba ta biyo tutar ba. A Jamus kanta, kimanin kashi 10 cikin 100 na jama'a tsarin ya ɗauka a 1885. 'Yan fansho sun shiga a 1941, manoma a 1972, ɗaliban jami'a a 1975. Sai a 2009 inshora ta zama tilas ga duk mazaunin ƙasar. Manoma, masu aikin kansu, sun jira shekara 89.

A 2025, zubin inshorar doka a Jamus ya kai kashi 17.1 cikin 100 na albashi: 14.6 da doka ta kafe, da matsakaicin ƙari na 2.5 da ma'aikatar lafiya ta sanar. Ƙarin 1.7 ne a 2024. Ma'aikaci na biyan rabi, kashi 8.55 a 2025, fiye da kashi 5 na takwaransa a Lome. Kusan mutum tara cikin goma na cikin wannan tsari, mata ko miji da 'ya'yan da ba su da albashi kuma na shiga kyauta, ba tare da ƙayyade yawan 'ya'ya ba.

Mai sana'ar kansa a Jamus shi ma yana biyan kaso biyu shi kaɗai, amma a kan abin da takardar harajinsa ta nuna. Doka na ɗauka cewa ba ya samun ƙasa da Yuro 1,248 a wata a 2025, don haka mafi ƙarancin zubinsa kimanin Yuro 210 ne. Mafi ƙarancin albashi a shekarar Yuro 12.82 ne a awa, kimanin 2,220 a wata ga mai aikin awa 40 a mako. Zubin ƙasa na mai sana'a kenan bai kai kashi 10 na mafi ƙarancin albashi ba, rabin kashi 19 na Togo. Kafin 2019 wannan iyaka ta ƙasa ta kusa ninka haka, kuma bashin zubi ya taru a kan ƙananan masu sana'a har majalisa ta rage ta. A sama ma akwai iyaka: a 2025, abin da ya wuce Yuro 5,512.50 a wata ba a yanke shi ba.

Kason majinyaci a Jamus yana da rufi na kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gida a shekara, kashi 1 ga mai ciwo mai ɗorewa. Kwanan asibiti Yuro 10 ne a rana, kuma ba a biyan fiye da kwana 28 a shekara. Kashi 20 na Togo yana girma ne tare da takardar asibiti.

Abin da ke riƙe tsarin Jamus shi ne cewa masu aikin kansu ba su kai ɗaya cikin goma na masu aiki ba, kishiyar adadin Togo. Tallafin da gwamnatin tarayya ke zubawa a asusun lafiya Yuro biliyan 14.5 ne a shekara, ƙasa da kashi 5 na kuɗin da asusun ke kashewa, wanda ya haura biliyan 300. Ragowar daga albashi da fansho yake fitowa. Ƙasar da ke da albashi a hannun mutum ɗaya cikin goma ba ta da wannan tushe.

Amurka ta kashe dala tiriliyan 4.9 kan lafiya a 2023, kashi 17.6 cikin 100 na tattalin arzikinta, bisa alƙaluman CMS. Binciken cibiyar KFF na 2024 ya samu matsakaicin farashin inshorar iyali ta wurin aiki dala 25,572 a shekara, ma'aikaci na biyan 6,296 daga ciki. Hukumar ƙidayar ƙasar ta sa matsakaicin kuɗin shigar gida na shekarar a kan 83,730. Kason ma'aikaci kenan kashi 7.5 ne, cikakken farashin kuma kashi 30. A nan ma farashi ne guda, ba kaso ba, don haka ya fi nauyi ga mai ƙaramin albashi, kamar jaka goman CNSS. Mai inshorar mutum ɗaya kan fara biyan matsakaicin dala 1,787 da kansa kafin kamfani ya sa hannu a galibin jinya. Kimanin mutum miliyan 27, kashi 8 cikin 100, ba su da inshora ko kaɗan a 2024, adadin da ya ninka jama'ar Togo sau uku.

Gana, wadda iyakarta ta Aflao ke jingine da Lome, ta zaɓi wata hanya, harajin saye na kashi 2.5 cikin 100. Dokar 2003 ta ɗora wannan haraji a kan kaya da hidimomi, kuma shi ke kawo fiye da kashi biyu cikin uku na kuɗin asusun inshorarta. Mai sana'a na biya duk lokacin da ya yi sayayya, ko yana da takardar albashi ko babu. Yara 'yan ƙasa da shekara 18, da tsofaffi daga 70, da masu juna biyu ba sa biyan zubi. Tsarin ya sha fama da jinkirin biyan asibitoci. Najeriya ta mayar da inshora tilas da dokar Mayu 2022, amma kason aljihu a can ya haura kashi 70.

Taswirar aikin gwamnatin Togo ta 2020 zuwa 2025 ta sa burin inshorar lafiya ta game kashi 60 cikin 100 na jama'a. A kan ƙidayar 2022, mutum miliyan 4.9 kenan. Masu albashi da iyalansu ba za su cika wannan adadi ba. Wani ɓangare na giɓin gwamnati ce ke cika shi daga baitulmali: inshorar ɗaliban makarantun gwamnati da aka fara a 2017, da shirin Wezou na masu juna biyu da jarirai da aka fara a watan Agusta 2021. Dokar 2021 ta kuma tanadi sashe na taimakon jinya ga marasa hali, wanda ba a kan zubinsu ya dogara ba.

Ana iya ƙiyasta tsadar wannan sashe daga alƙaluman da suka gabata. Kashi 45.5 na mutum miliyan 8.1 ya kama miliyan 3.7. Idan aka biya wa kowannensu 17,000, farashin CNSS na mutum ɗaya a gida mai shida, jimillar kimanin sefa biliyan 63 ce a shekara, Yuro miliyan 96. Kasafin kuɗin Togo na 2025 ya kai kimanin sefa biliyan 2,397, don haka adadin kashi 2.6 cikin 100 ne na kasafin. Lissafin bai haɗa da kashi 20 na majinyaci ba, bai kuma haɗa da ƙaruwar zuwa asibiti da kan biyo bayan samun kati ba, don haka ainihin adadin zai fi haka. A taron Abuja na 2001, ƙasashen Afirka sun yi alkawarin ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafinsu, Togo kuma a 'yan shekarun nan tana ƙasa da wannan kaso.